Yadda na canza tof koba biyu na tsohuwar 350Z a tsakar gidana a Birnin Kebbi

Ƙauri ne ya fara tona asirin matsalar. Duk ranar da na dawo daga Jega ko Argungu na tsaya a ƙofar gida, sai in ji ƙaurin baƙin mai yana tasowa daga ƙarƙashin bonet, wani lokaci har da siririn hayaƙi ta gefen mai zaman banza. Motar Nissan 350Z ce ƙirar 2004, mai ƙofa biyu da kujera biyu, giyar hannu shida, irin wadda aka yi wa kasuwar Amurka. A hannun wani dattijo da muka yi aiki tare na saye ta, shi kuma ta Kwatano ta shigo masa shekaru da dama da suka wuce. Na san ba motar titunanmu ba ce, ƙasa take ƙwarai, kowane tudun rage gudu sai na karkace mata, amma ina sonta, kuma dattijon nan da amana ya miƙa mini makullinta. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata biyu na yi ina yawo da kashe kuɗi a kan aikin da, da na san kansa tun farko, kwana biyu ya ishe shi.

Da farko garejin da na saba zuwa na kai ta. Makaniken ya leƙa da tocilan, ya ce fakin tof koba ne ya mutu, wato robar da ke tsakanin murfin saman inji (shi ne tof koba) da kan silinda. Gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta. Ya sayo fakin, ya shafe shi da jan gam ta ko'ina kamar mai yaɓen ɗaki, ya ɗaure, na biya naira 28,000 kuɗin kaya da na aiki. Ƙaurin ya ɗauke na kwana goma sha wani abu. Daga nan sai motar ta fara mis da safe, tana karkarwa a silo, wato idan tana tsaye inji na aiki, wutar cek mai nuna matsalar inji ta kama. Na kai aka sa mata kwamfuta a kan naira 5,000, ta fitar da lamba P0305. Ma'anarta silinda ta biyar ba ta ƙona mai daidai. A wannan inji mai suna VQ35DE, silinda shida ne a jere biyu kamar harafin V: 1 da 3 da 5 suna gefen mai zaman banza, 2 da 4 da 6 suna gefen direba, ana ƙirgawa daga gaba. Ta biyar ke nan ita ce ta can ƙurya a dama. Da aka zaro koyil ɗinta, wanda ke ba fulogi wuta, sai ga shi sharkaf da baƙin mai, robar bakinsa ta kumbura ta yi laushi, ramin fulogin kuwa mai ya kai rabinsa. Mai kwamfutar ya ce in sayi sabon koyil. Na tambaye shi ta ina man ya shiga ramin, ya ce tsufa ne kawai.

Wannan amsa ba ta kwanta mini ba, don haka na nemi littafin gyaran motar a intanet na sauke a waya, na yi dare uku ina bin shafukan inji da hotunansu. A nan na gane abin da ya wuce mu duka. Tof koba ɗin wannan inji ba ƙarfe ba ne, baƙar roba ce mai tauri, kuma a jikin kowanne akwai sil, wato zoben roba mai tare mai, guda uku masu zagaye da ke rufe bakin ramin fulogi. Waɗannan sil ɗin a haɗe suke da murfin tun daga masana'anta, ba a sayar da na asalin su kaɗai. Idan zafin shekara ashirin ya busar da su, ko fakin zinariya ka sa a gefe, mai zai ci gaba da sauka kan fulogi. Akwai masu yanke tsohon sil su cusa wani da gam, na ga masu yin hakan, amma ni na yanke shawarar canza murfin gaba ɗaya, dama da hagu, kuma in yi da hannuna don in ga komai da idona.

Neman kayan ya fi aikin kansa wahala. A nan gari da na ce 350Z sai a tsaya ana kallona. Wani mai shago ya ce ai injinta ɗaya da Murano, yana da na Beljiyam, naira 35,000 guda biyu. Cewa injin ɗaya ne gaskiya ne, VQ35DE yana cikin Murano da Altima da Maxima na wancan zamani. Na biya na kawo gida cike da murna, na ɗora a gefen nawa, sai na ga ba su yi kama ba. A Murano injin a gicciye yake kwance, a 350Z kuwa a tsaye yake daga gaba zuwa baya, saboda haka bakunan tiyo da wuraren da ake ɗaure waya ba wuri ɗaya suke ba. Na mayar, aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe ya cire naira 5,000 ya ba ni saura. Daga baya na ga ashe Allah ne ya taimake ni, domin tof koba na Beljiyam sil ɗinsa ma ya sha shekarunsa a wata ƙasa, tsohuwar cuta za ka saya da kuɗinka. Sunan da ya kamata mutum ya ambata a kasuwa shi ne Infiniti FX35 ta farko ko G35, su ne injinsu ke zaune irin zaman na 350Z, kuma 'yan kasuwarmu sun san su sarai. A kula kuma da shekara: daga 2007 an sauya wa 350Z inji zuwa VQ35HR mai totur biyu, murfinsa daban ne. Lambar shasi mai harafi 17 ita ke raba gardama, na goma a cikinsu shi ne shekarar ƙira, tawa 4 ce.

Wani abokina da ke Kano ya shiga Ƙofar Ruwa a madadina. Na tura masa hoton lambar shasi da hotunan murfin biyu ta sama da ta gefe, ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp daga cikin shagon, muka bi bakin tiyo ɗaya bayan ɗaya, na sa ya juya cikin murfin na ga sil uku-uku a zaune. Sababbi ne amma ba na kamfanin motar ba, naira 140,000 guda biyu tare da fakinsu. Na ƙara da fakin manifol, wato tukunyar da ke raba iska ga silinda, na sama da na ƙasa, fulogi shida NGK PLFR5A-11 wanda shi littafin ya ambata, koyil ɗaya, da ƙaramin bawul ɗin numfashin inji da ake kira PCV. Da kuɗin mota da na kwali duka suka tashi kusan naira 255,000. Farashi yana motsi da dala, kada wani ya riƙe wannan a matsayin hujja, na faɗa ne don a san girman abin. Na roƙi a rubuta rasit da sunan motar a jiki saboda abin da ya same ni a baya. Aka ba direba saƙon ranar Talata, aka ce Laraba da yamma. Laraba na je tasha na zauna daga la'asar har isha'i, babu mota. Sai ranar Alhamis da hantsi direban ya kira, ya ce sun kwana a hanya don ba a son tafiyar dare. Ban ce masa komai ba sai sannu, kowa ya san halin da hanyar take ciki.

Akwai abu ɗaya da ban da shi, kuma littafin ya nuna ba makawa sai da shi: sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, ƙarama, wadda ke iya karanta ƙasa da niyuton-mita 10, ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan. Wadda ke garejin unguwarmu babba ce ta ɗaurin taya da kan silinda. Wani aminina injiniya a kamfanin casar shinkafa ya ara mini tasa, da sharaɗin in mayar da ita kan lamba mafi ƙanƙanta idan na gama. Sauran kayan ba su da yawa: soket lamba 10 da 12 da 14, dogon hannu na soket, soket ɗin fulogi lamba 16, makullin alan lamba 5, filaya, maganaɗisu mai sanda, farin salatif da biro, tsummokara masu tsabta, fetur kaɗan a gwangwani, da gam baƙi mai jure mai da zafi. Daga kemis na sayo babban sirinji da robar ƙarin ruwa, zan faɗi amfaninsu a gaba.

Watan Fabrairu ne, hunturu bai gama janyewa ba, kuma ƙura ita ce abin da na fi tsoro, don inji a buɗe ba ya son ko ƙwayar yashi. Tun daren Juma'a na shigar da motar ƙarƙashin rumfar kwano, ban ajiye ta gindin dogon yaro ba duk da inuwarsa, saboda ganye da 'ya'yan da yake zubarwa. Na wanke saman injin da fetur da burushi na bar shi ya kwana ya huce. Da asuba bayan mun dawo masallaci, ƙanena ya yayyafa wa tsakar gidan ruwa, muka ɗaura tsohon zanin gado ta gefen da iska ke shigowa. Baba makwabcinmu, tsohon makaniken manyan motoci da ya ajiye aiki, ya jawo kujerarsa ya zauna da rediyonsa. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, wanga aiki ba ƙarfi yaka so ba, hankali yaka so. Duk abin da ka kwance, ka san inda ka aje shi.” Na ce, “To Baba, in na kauce ku tsawata mini.”

Na fara cire kan batir na baƙar waya. Sai ƙarfen da ya gitta saman injin daga kafaɗa zuwa kafaɗa, sai murfin ado, sai babban tiyon iska da ya taho daga gidan filta zuwa totur. Kafin in taɓa kowace waya ko tiyo sai na ɗauki hoto, ƙanena ya naɗa salatif ya rubuta lamba a duka bakunan biyu. Mun ɗauki hoto ya fi sittin, kuma babu wanda ya zama asara. Manifol ɗin wannan mota hawa-hawa ne, akwai faffaɗan tukunyar alminiyam ta sama da ta ƙasa, kuma sun rufe gefen murfin biyu. Na ji akwai masu lallaɓawa su zare tof koba ba tare da sun sauke su duka ba, amma hannuna bai kai wannan gwaninta ba, na zaɓi in sauke in samu fili. Kusoshin ta sama suna da yawa kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Na zana siffarta a kan kwali, na huda, duk wanda na kwance sai in soka shi a gurbinsa. Kusa da totur akwai ƙananan tiyo biyu na ruwan lagireto, da na zare su ruwa kaɗan ya zubo, na toshe bakinsu da kusa. Da tukunyar ƙasa ta tashi sai ga ramuka shida suna kallona, hanyar da ke sauka kai tsaye zuwa bawul. Nan Baba ya miƙe tsaye. Ya ce in bar komai in toshe su tukuna, don noti ɗaya ya faɗa ciki, an tashi daga maganar murfi an koma maganar sauke inji. Na cusa tsumma shida, ƙanena ya ƙirga da ƙarfi, ya rubuta 6 a bango da gawayi.

Wajen ƙarfe goma na fara zare koyil, kowanne kusa ɗaya lamba 10 ke riƙe da shi. Huɗu daga cikin ramuka shida akwai mai, na biyar ya fi kowanne. Ga inda sirinjin ya yi rana: kada a kwance fulogi alhali mai na kwance a kansa, domin duk zai gangara cikin silinda tare da dattin da ya tara. Na zura robar ƙarin ruwa har ƙasa na zuƙe, daga rami na biyar kaɗai na cika sirinjin sau biyu, sannan na naɗa tsumma a sukudireba na goge. Fulogin na bar su a ɗaure har ƙarshen aiki don su zama murfi ga silinda. Abin da ya cinye mini lokaci shi ne wayarin. Damin wayoyin ya bi ta kan murfin biyu, an kama shi da ƙananan maƙalai na roba, kuma zafi ya mayar da su kamar busasshen kara. Uku sun karye a hannuna duk da lallaɓawar da na yi. Na soket ɗin koyil na biyu ma harshensa ya ɓalle, gabana ya faɗi, na zauna shiru na ɗan lokaci ina tunanin ko na ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Baba ya karɓa ya duba ya ce ƙarfen ciki lafiya lau yake, harshen riƙo ne kawai, a ɗaure shi da siririn belin roba idan an zo mayarwa. Haka aka yi, har yau yana nan.

Kowane murfi kusa goma ke riƙe da shi. Na dama ya ƙi tashi saboda jan gam ɗin da aka yi masa wanka da shi. Na so in sa sukudireba in ɓanɓare, Baba ya hana, ya ce kan silinda alminiyam ne, ƙarfe ya karce shi an buɗe wa mai hanya ta har abada. Da tafin hannu da guntun katako na riƙa bubbuga gefe har ya saki. Abin da na gani a ciki ya ɓata mini rai. Gam ɗin ya matso ta ciki ya yi zare-zare yana lilo a kan kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, wasu guntaye sun riga sun yanke sun kwanta a lungu. Irin waɗannan idan suka bi mai suka sauka ƙasa, rariyar famfon mai suke toshewa, kuma wannan inji da ƙarfin mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul ta ƙananan hanyoyi. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. A kusurwar baya kuma na sami tsaga a jikin murfin, daidai ramin kusa, alamar an ɗaure shi da ƙarfin dantse. Sil ɗin kuwa da na danna da farce, babu sauran taushi a jikinsu, ɗaya har ya rabe biyu. Ban ce makaniken ya yi mugunta ba. Abin da ya saba da shi a tsofaffin injuna masu murfin ƙarfe shi ya yi, sai dai wannan roba ce.

Gogewa ta ɗauke ni fiye da awa biyu, kuma nan ne ainihin aikin yake. Da tsohon katin banki na kankare ragowar gam daga leɓen kan silinda, ina turawa waje, ba ciki ba, sannan na bi da tsumma mai ɗan fetur har sai da farin tsumma ya fito fari. Duk gefen da ba na aiki a kai a lulluɓe yake da zani mai tsabta. Azahar ta yi, iska ta taso da ƙura, muka rufe komai muka sauke bonet, muka je salla muka ci abinci. Maiɗakina ta leƙo ta ga kayan inji a shimfiɗe kan tabarma, ta ce, “Abban yara, anya motar nan za ta sake tashi?” Na ce mata da yardar Allah, amma a zuciyata ni ma tambayar nake yi.

Bayan la'asar iska ta kwanta muka koma. Na zaunar da sabon fakin cikin kwarmin murfin, na bi da yatsa sau biyu don in tabbata bai murɗe ba. Gam wuri ƙalilan littafin ya ce a sa, a gaba, inda mariƙin kamshaf na farko ya haɗu da kan silinda ya yi kusurwa, don roba ba ta iya cike wannan lungu ita kaɗai. Ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Na shafa ɗan mai a bakin sil uku don su zame kan bututun fulogi, na sauke murfin a miƙe, na danna har na ji ya zauna. Sai na zura wayata ta baya na ɗauki hoto, aka yi sa'a na yi hakan, domin fakin ya zame daga kwarminsa a ƙuryar baya ta hagu, inda ido ba ya kaiwa. Na ɗaga, na goge gam, na sake. Kusoshin da yatsa na fara ɗaura su duka, sannan da sifanar awo a zagaye biyu bisa jerin da littafin ya zana: zagayen farko kusan niyuton-mita 2, na biyu kusan 8. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai yi mamakin ƙanƙantar wannan ɗauri. Sifanar ta yi ƙas tun hannuna bai fara jin nauyi ba, zuciyata na cewa in ƙara rabin juyi. Ƙanena ma ya ce, “Yaya, wannan ai bai ɗauru ba.” Baba ya ce, “Ku bar shi hakanan. Roba ita ka riƙon mai, ba ƙarfinku ba.”

Sabon bawul ɗin numfashi na ɗaura a murfin dama. Tsohon da na girgiza bai yi ƙara ba, ya daskare da datti, alhali mai lafiya ƙwar-ƙwar yake yi. Idan ya toshe, iskar da ke taruwa a cikin inji ba ta da mafita, sai ta riƙa tura mai ta kowane sil, ina kyautata zaton yana cikin abin da ya gaggauta lalacewar nawa. Tiyonsa ya tsage ina zare shi, ƙanena ya hau babur ya samo wani mai jure mai a naira 2,500, don tiyon ruwa ba ya daɗewa a wurin. Daga nan na canza fulogi shida, kowanne da hannu na fara murza shi kafin sifana ta taɓa shi, na ɗaure a kusan 25. Magariba ta kawo jiki, na tsaya. Gam yana son lokaci ya kama, ni ma na gaji, kuma na lura gajiya ce ke sa ni fara gaggawa.

Ranar Lahadi da safe muka cire tsumma, ƙanena ya ƙirga shida ya goge rubutun bango. Na leƙa kowane rami da tocilan kafin in ɗora manifol da sabon fakinsa, ina ɗaurewa daga tsakiya zuwa waje. Muka bi hotuna daga na ƙarshe zuwa na farko. Na juye tsohon baƙin mai saboda guntayen gam da ƙurar da ba a rasa ba, na sa sabon filta da 5W-30, ta sha kusan lita biyar, na cika ruwan da ya zube. Na mayar da kan batir, na yi bismilla na murza makulli. Ta tashi bugu ɗaya, amma allurar da ke nuna juyin inji ta haye wajen 1,500 ta ƙi sauka ko da inji ya yi zafi, kuma ana jin wani siririn fito ta baya. Jikina ya yi sanyi. Baba ya kara kunne, ya zura hannu bayan manifol, ya fito da bakin wani ƙaramin tiyo da na manta ban mayar ba, da salatif ɗinsa da lambarsa a jiki. Iska ce take sata ta nan. Da na mayar, allurar ta sauko amma tana hawa tana sauka.

Sauran matsalar ta kwamfutar motar ce. Totur ɗin 350Z na lantarki ne, babu waya tsakaninsa da feda, kuma idan an cire soket ɗinsa sai an sake koya masa silo. Ana iya yi da na'ura, ana iya yi da ƙafa da agogo, ni da ƙafa na yi. Inji ya kasance da zafinsa, a kashe fitila da esi da rediyo, giya a furi, sitiyari a miƙe. Da farko a kunna makulli ba tare da tayarwa ba na daƙiƙa 2, a kashe na daƙiƙa 10, a maimaita, ƙafa ba ta kan feda. Sannan a kunna, a jira daƙiƙa 3, a taka totur har ƙasa a saki sau biyar cikin daƙiƙa 5, a jira daƙiƙa 7, a taka a riƙe kusan daƙiƙa 20 har wutar cek ta gama ƙyaftawa ta tsaya cak, a saki cikin daƙiƙa 3, a tayar a bar ta a silo. Sau uku ina kuskuren lokaci, sai da ƙanena ya riƙe agogon waya yana ƙirga mini da baki. A karo na huɗu allurar ta sauko ta kwanta a kusan 650, inda littafin ya ce ta zauna, injin ya yi lumui. Baba ya ɗora tafin hannu a kan manifol ya ɗan jima, ya ce, “Madalla. Ta yi.”

Da a ce yau zan fara, kafin in sayi ko fakin ɗaya zan zaro koyil in leƙa ramin fulogi, minti goma ne kuma shi zai gaya mini ko murfin ne gaba ɗaya. Ba zan ambaci Murano a kasuwa ba, ba zan karɓi na Beljiyam ba ko kyauta ne, kuma zan sayo tiyon numfashi da belin roba tun tare da sauran kaya, don a mota mai wannan shekaru duk robar da ka taɓa tana iya mutuwa a hannunka. Zan kuma rubuta jerin lambobin salatif a takarda in riƙa sokewa wajen mayarwa, hoto kaɗai bai hana ni manta tiyo ɗaya ba. Wanda ba shi da sifanar awo ya nemi aro, ko ya dakata har ya samu. Wanda kuma zai kai gareji, babu laifi, amma ya tsaya a wurin, ya roƙi a rage gam da ƙarfin hannu, cikin girmamawa, domin mafi yawan makanikanmu suna karɓar magana idan aka nuna musu shafin littafin. Lokaci ma abin dubawa ne: a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi ba zai bar mutum ya sunkuya kan inji awa shida ba, a tsakiyar hunturu kuma ƙura ba za ta bari ba.

Rabin awar farko ta ɗan yi hayaƙi, tsohon man da ya zuba kan manifol ɗin salansa ne yake ƙonewa, kada wannan ya tsorata kowa. Da yamma na ɗauki Baba muka miƙa hanyar Argungu muka dawo, ya ce rabonsa da zama ƙasa-ƙasa haka a mota tun yana saurayi. Bayan mako biyu na sake zaro koyil na biyar da na biyu na zura farin tsumma har gindin fulogi, ya fito a bushe. Sifanar na mayar wa mai ita a kan lamba mafi ƙanƙanta kamar yadda ya ce, tsohon murfin mai tsaga kuwa Baba ya karɓe, ya ce zai kai garejin unguwa ya nuna wa yaran da ke koyon aiki.